Yadda Ake Tafiya da Mage ko Kare Ƙasar Waje a Jirgin Sama Idan Ƙaura ta Kama

Ni malamin dabbobi ne, kuma yawancin aikina a kan shanu ne da tumaki da awaki, a ƙauyukan da ke tsakanin Ringim da Taura. Harkar fitar da mage ƙasar waje ta same ni ne ta hannun ɗiyar yayata, ma'aikaciyar jinya, lokacin da ta sami aiki a Ingila. Tana da wata mage fara mai ɗigon baƙi a goshi, wadda ta tsinta tana jaririya a bayan rumbu ta raine ta da madara a murfin kwalba. Saura mako uku ta tashi ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Kawu, magen nan fa ba zan iya barin ta ba, yaya za a yi?" Na duba katin rigakafin da ta miƙo mini, na ce, "'Yata, ke dai ki tafi, Allah ya kiyaye hanya. Mage sai ta biyo ki daga baya." Wata biyar magen ta yi a gidana kafin ta bi ta.

Tun daga nan 'yan garinmu da na maƙwabta masu tafiya aiki ko karatu suka riƙa turo mini nasu, har abin ya zame mini jiki. Abin da na koya shi ne, wannan aiki na lissafin kwanaki ne da bin abu a jere. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya fara wata 6 kafin tashinsa zai yi komai a natse, wanda ya fara saura wata guda kuwa, ko nawa zai kashe ba zai gajarta kwanakin da doka ta yanka ba.

Abubuwan da za ka tanada

- Fayil na roba mai zif, domin takardu kaɗai, da kalanda da za ka riƙa yi wa alama.
- Ƙwayar lamba da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata, wadda likitoci ke kira maikurocif, mu kuma mu ce cif. Ta kasance mai lamba 15, ƙirar ISO 11784 da 11785.
- Allurar rigakafin ciwon haukan kare, da sauran rigakafin da likita zai faɗa, da katin da ake liƙa sitikar kwalbar a jiki.
- Kula ƙarama da ƙanƙara, domin ɗaukar allura ko jini.
- Akwatin tafiya na roba mai tauri da ƙofar ƙarfe, irin wanda ƙa'idar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta yarda da shi. Idan dabbar za ta zauna da kai a cikin jirgi, jaka mai laushi mai raga.
- Kwanon ruwa da ke maƙalewa a ƙofar akwati, da shimfiɗa mai tsotse fitsari, da tsohon zane ko riga mai ƙamshin jikin mai dabbar.
- Ɗamarar ƙirji da igiya.
- Maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska, wanda aka yi domin irin dabbar.
- Likitan dabbobi mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya. Shi ne babba a cikin kayan aikin. Malami irina yana iya yin allura da kula da dabba, amma sa hannunsa ba ya aiki a takardar fita ƙasar waje.

1. Fara da sanin dokar ƙasar da za ka

Ƙasar da za ta karɓi dabbar ita ke da ta cewa. Yawancin tsaurin da za ka gani kuwa tushensa ɗaya ne, ciwon haukan kare. Yana nan a ƙasarmu, yana kama mage kamar yadda yake kama kare, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Ƙasashen da suka kawar da shi ba sa wasa da iyakarsu.

Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai irin su Faransa da Jamus sun sa Najeriya cikin ƙasashen da sai an yi gwajin jini an kuma jira wata 3. Tsarinsu na bi a wannan bayani, domin wanda ya cika shi ya cika mafi yawan na sauran. Amurka ta sauya dokar karnuka daga 1 ga Agusta 2024: kare sai ya kai wata 6, yana da cif, an cike takardar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, kuma in daga ƙasa irin tamu ya fito, sai an kama masa wuri a cibiyar duba dabbobi mai rajista da hukumar, ya sauka a filin jirgin da ke da irin cibiyar, kamar Niyok ko Atlanta. Mage ta fi sauƙin shiga Amurka da Kanada, amma kada ka tafi ba takardar rigakafi. Saudiyya na karɓar mage da izinin shigowa da ake nema tun kafin tashi, kare kuwa sai na gadi ko na farauta ko mai yi wa makaho jagora. Ostireliya ba ta karɓa kai tsaye daga nan, sai dabbar ta fara zama wata 6 a wata ƙasar da suka amince da ita.

Ka shiga shafin intanet na hukumar ƙasar da kanka, ko ka sa wanda ya iya ya karanta maka, ka buga shi a takarda. Dokokin nan suna sauyawa, abin da abokinka ya bi shekara biyu da suka wuce ba lallai ya yi maka aiki ba. Ka kuma tambayi mai gidan hayar da za ka zauna a can, domin da yawa ba sa yarda da dabba.

Ga masu aku da tantabaru, gaskiya ɗaya ce: hanyar tana da wuya ƙwarai. Akun nan mai toka-toka da jan wutsiya yana cikin rukuni na ɗaya, mafi tsauri, na CITES, yarjejeniyar duniya kan fataucin namun daji masu fuskantar ƙarewa, tun 2017, fitar da shi sai da izini daga nan da kuma can, tare da shaidar inda aka samo shi. Wanda ya saya a kasuwa ba shi da wannan shaida. Tantabaru kuma murar tsuntsaye ce ke tare musu hanya. Ni dai shawarar da nake ba mai su ita ce ya nema musu mariƙi na kirki a gida.

2. A sa cif kafin komai

Girmansa kamar ƙwayar shinkafa ne, ana tura shi da allura mai kauri a ƙarƙashin fatar wuya ko tsakanin kafaɗu. Ba ya nuna inda dabba take, lamba kawai yake ɗauke da ita, wadda na'ura ke karantawa. Wannan lambar ce sunan dabbar a wurin hukuma.

Nan ne aka yi mana kuskure a kan magen ɗiyata. An yi mata rigakafin haukan kare lokacin da ma'aikata suka zagayo gari, allura mai kyau, da katinta, amma ba ta da cif a lokacin. A wurin Turawa, allurar da aka yi kafin cif kamar ba a yi ba ce, domin babu abin da ke tabbatar da cewa wannan magen aka yi wa. Dole muka koma farko. Ana iya sa cif a yi allura a rana ɗaya, amma cif ɗin ya riga.

Ka tsaya a wurin. A karanta lambar tun tana cikin leda, a sake karantawa bayan an sa, ka ɗauki hoton fuskar na'urar da wayarka. Idan asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku ba su da cif ko na'urar karantawa, kada ka yarda a yi allura "kafin a samo". Ka tafi birnin Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

3. Rigakafin haukan kare

Dabbar sai ta kai mako 12 da haihuwa. A katin a rubuta ranar allura, sunan maganin, lambar kwalba, ranar da ƙarfinsa zai ƙare, da lambar cif, likita ya sa hannu ya buga hatimi. Ka nuna wa likita sharaɗin ƙasar da za ka game da irin allurar da suke karɓa kafin ya zaɓa.

Abin da ya fi damuna a nan karkara shi ne sanyi. Allurar nan tana son zama tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta kwana uku a firjin da ba wuta, ko aka ɗauko ta daga Kano a aljihun babbar riga cikin zafin rana, tana iya rasa ƙarfinta. Ba za ka gane ba sai sakamakon jini ya dawo, ka yi asarar wata biyu da kuɗin gwaji. Shi ya sa na fi son a kai dabbar inda allurar take, inda suke da firji mai sola. In ya zama dole a kawo ta ƙauye, a sa a kula da ƙanƙara, a naɗe kwalbar da takarda kada ta daskare, a yi amfani da ita a ranar.

A ba da maganin tsutsar ciki mako ɗaya ko biyu kafin allurar, domin jikin dabbar da tsutsa ta cinye ba ya amsa rigakafi sosai. Ga dabbar da ba a taɓa yi wa ba, likitoci da yawa sukan ƙara allura ta biyu bayan 'yan makonni domin garkuwar ta hau. Yana ƙara kwanaki, amma na fi ganin alherinsa.

4. Gwajin jini da jiran wata 3

Bayan allura da aƙalla kwana 30, likita zai ɗebi jini, ya juya shi a na'ura har ruwan jinin ya rabu, ya zuba a ƙaramar kwalba, ya rubuta lambar cif a jiki. Wannan ruwan ake aikawa ɗakin gwajin da ƙasar da za ka ta amince da shi. Ba kowane ɗakin gwaji ba, komai girmansa, sai wanda sunansa ke cikin jerin da suka fitar. Duk waɗanda na yi, waje muka aika, ko Onderstepoort a Afirka ta Kudu ko wani a Turai, ta hannun kamfanin aika saƙo mai ɗaukar irin wannan kaya cikin sanyi. Sakamakon da ake nema shi ne ƙarfin garkuwar da allurar ta samar a jini ya kai ma'aunin 0.5 IU a kowace mililita ko fiye.

Wata 3 ɗin daga ranar da aka ɗebi jini ake ƙirga su, ba daga ranar da sakamako ya fito ba. Ga misali. An sa cif an yi allura 1 ga Satumba. An ɗebi jini 3 ga Oktoba. In sakamako ya yi kyau, dabbar tana iya shiga Ingila ko Faransa bayan 3 ga Janairu. Kullum ina ƙara kwana biyu a kan lissafi, domin wanda ya ɗebi jini a kwana na 29 ya rushe aikin gaba ɗaya. In sakamako ya gaza, sai a sake allura, a sake jiran kwana 30, a sake ɗiba, wata 3 kuma su faro daga sabuwar ranar.

Muddin ana sabunta allurar kafin wa'adinta ya cika, gwajin ba ya tsufa a wurin Turawa. In aka bari ta ƙare ko da kwana ɗaya ne, an koma farko. Saboda haka mai tunanin tafiya baɗi yana iya yin wannan duka bana ya ajiye.

5. Kula da dabbar a watannin jira

Wannan matakin ba shi da takarda ko hatimi, amma a wurina shi ya fi kowanne nauyi, domin magen ƙauye ba ta san ɗaki ba. Ta saba haura katanga, ta kwana a kan rumbu, ta ci ɓera da ƙadangare. Rana ɗaya a kulle ta a akwati na awa 15 cikin rugugin inji, wannan azaba ce, kuma mun san abin da hadisi ya faɗa a kan matar da ta tsare mage. Amana ce, sai a bi ta a hankali.

Da farko a mayar da ita 'yar ɗaki. A ware mata ɗaki mai iska da raga a taga, a sa baho da yashi mai tsabta a lungu domin bayan gida, a riƙa sauyawa. Akwai dalili na biyu: cikin mage kwana 63 zuwa 65 ne. In tana yawo, a cikin watannin jiran nan za ta ɗauki ciki ta haihu, kuma jirgi ba ya ɗaukar mai tsohon ciki ko mai jego. In ba ka da niyyar ta hayayyafa, likita ya yi mata aikin hana haihuwa tun da wuri ta warke. Muzuru ma a fiɗiye shi, zai rage yawo da faɗa.

Sai sabo da akwati. Yadda nake yi, nakan cire ƙofar gaba ɗaya, in ajiye akwatin a inda take son kwanciya, in shimfiɗa tsohon zanen uwar ɗakinta a ciki. Kwanon abinci in sa a bakin ƙofa. Magen ɗiyata kwana huɗu tana zagaya shi, ta miƙa wuya ta shinshina ta ja da baya, ta ci abincin ƙafafunta na baya suna waje. Kullum sai in tura kwanon ciki da ɗan taƙi. Ran na tara na shigo bayan sallar azahar na tarar ta naɗe a can ƙurya a kan zanen, ta rufe hanci da wutsiya tana barci. Daga nan na mayar da ƙofa, ina rufewa minti biyar, sai rabin awa, sai dare guda. A ƙarshe a riƙa ɗan zagayawa da ita a mota ta saba da motsi da ƙara. Kada a taɓa tura ta ciki da ƙarfi, kada kuma yara su mayar da akwatin abin wasa.

Abinci ma a sauya sannu a hankali. A can ba za ta sami kan kifi da sauran tuwo da miya ba, abincin leda ko na gwangwani za ta ci. A riƙa haɗa kaɗan da wanda ta saba, ana ƙarawa har mako biyu.

Gargaɗi mai girma: kada a shafa wa mage maganin kaskar shanu, ko na kare, ko a fesa fiya-fiya a ɗakinta. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Na ga irin wannan, kuma da kyakkyawar niyya aka yi.

6. Auna akwati

Ƙa'idar ita ce dabbar ta iya tsayawa kanta bai taɓa rufi ba, ta juya, ta kwanta ta miƙe. Tsawon akwati: daga hanci zuwa gindin wutsiya, a ƙara rabin tsayin ƙafar gaba daga ƙasa zuwa gwiwa. Faɗi: faɗin kafaɗu sau biyu. Tsayi: daga ƙasa zuwa saman kai ko kunne, a ƙara kaurin shimfiɗa. Ya kasance da kafofin iska ta kowane gefe, sama da ƙasansa a ɗaure da noti da kusar ƙarfe, ba maƙalin roba ba. In yana da tayoyi a cire.

Kejin kaji, kwando, kwali, ko kejin waya zalla, duk za a mayar da kai da su. Idan ba ka sami na roba a Kano ba, ana samu a Abuja da Legas a sa maka a mota. Ga babban kare, kafinta yana iya ƙera na katako, amma ka fara karɓo zane da amincewar kamfanin jirgin a rubuce, domin wasu ba sa karɓa. Mage mai murtukakkiyar fuska irin ta Farisa tana wahalar numfashi, tana buƙatar akwati mafi girma, wasu kamfanonin ma ba sa sa ta a ƙarƙashin jirgi.

7. Kama wuri a jirgi

Hanya uku ce. Ko dabbar ta zauna da kai a ƙarƙashin kujerar gabanka, inda kamfanoni da yawa suka tsayar da kilo 8 har da jaka. Ko ta shiga ɗakin kaya na jirgin da kake ciki a matsayin ƙarin kaya. Ko kuma a aika ta a matsayin kago, wato kayan da ake aikawa ba a kan tikitin fasinja ba, da takardarta daban. Ɗakin da ake sa dabbobi a ƙasan jirgi yana da iska da ɗumi, ba kamar yadda mutane ke tsoro ba.

Ingila ba ta yarda dabba ta sauka a hannun fasinja, sai ta kago, a kamfani da hanyar da suka amince, kuma a filin jirgin Hitiro na Landan akwai cibiyar da ke karɓa ta duba. Za ka buƙaci wakili a can da zai fito da ita daga kwastan, kuma ka cike takardar sauya mazauni ta ToR domin kada a caje ka haraji. Kago da girman akwati ake yi masa kuɗi, kuma sau da yawa yakan fi tikitin mutum tsada, don haka ka nemi farashi tun kafin ka sa cif. Wasu kan sauka Faris ko Amsadam da magen a hannu, su tsallaka Ingila a mota ta jirgin ruwa ko ta ramin ƙarƙashin teku. Halas ne a doka, amma sai ka riƙe takardar Turai da ta Ingila duka biyu.

A Ingila da Turai, ana so mai dabbar ya iso cikin kwana 5 kafin ta ko bayanta, kuma kada su wuce dabba 5. In ta biyo ka bayan watanni, kamar ta ɗiyata, takardun wani rukuni ake bi, sai ka gaya wa wakili tun farko.

Kada ka biya tikitinka sai kamfani ya tabbatar da wurin dabbar a rubuce, a kowane zango na tafiyar. Ka tambaya ko daga filin jirgin Malam Aminu Kano suna ɗauka, domin wani kamfanin yana ɗauka daga Abuja ko Legas kaɗai. Zango ɗaya ya fi biyu, kamfani ɗaya ya fi haɗe-haɗe. Sannan ka duba yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana kai digiri 40, kuma kamfanoni da dama ba sa ɗaukar dabba a ƙasan jirgi in zafi ya haura digiri 29. Hunturu ya fi, jirgin dare ya fi. Shi ya sa na ba da misali da Satumba, domin lissafin ya faɗo a Janairu.

8. Takardun kwana 10 na ƙarshe

Takardar lafiya ta ƙasar da za ka, fom ne nasu, likitan gwamnati mai izini ke cikewa ko ya tabbatar, kuma dole dabbar ta isa cikin kwana 10 daga ranar sa hannu. Akwai izinin fitarwa daga sashen kula da lafiyar dabbobi na tarayya a Abuja, wanda ya kamata ka fara nema makonni kafin nan. A filin jirgi kuma jami'an NAQS, hukumar da ke duba dabbobi da kayan gona masu shiga da fita ƙasa, su ne za su duba dabbar da takardun. Ka je ofishinsu mako biyu kafin tafiya ka ji abin da suke so da bakinsu.

Kare mai shiga Ingila sai likita ya ba shi maganin tsutsa mai ɗauke da firazikwantel tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin isarsa, a rubuta rana da lokaci. Mage ba ta da wannan.

Kafin ka bar gaban likita, ka zauna ka bi lambar cif ɗaya bayan ɗaya a kan kowace takarda, wani yana karantawa kana dubawa. An taɓa juya mana lamba biyu a wata takarda, ba mu gani ba sai a daren tafiya, aka ɗaga tashin kare da mako guda. Da a can aka gano, killace shi za a yi, a Ingila har wata 4, kuma mai shi ne zai biya. Kada a goge kuskure da farin ruwa, a sake sabuwar takarda. Ka yi kwafi biyu na komai, ka ɗauki hotuna a waya.

9. Ranar tafiya

Daga ƙauye a taso bayan asuba, ko ma a kwana a birni. Akwatin ya zauna a kujerar mota a ɗaure, ba a but ba, ba a bayan babur ba. In Abuja za ka, tafiyar ta haura kilomita 400, ka isa kwana ɗaya kafin tashi dabbar ta huta. Kada a bar ta a mota a kulle ko na tsawon sallah ɗaya ne.

A ba ta abinci kaɗan awa 4 zuwa 6 kafin a miƙa ta. Ruwa kuwa kada a hana. Dabarar da nake yi, nakan daskarar da ruwa a kwanon tun dare, ba ya zubewa wajen lodi, yana narkewa tana lasa. Kada a ba ta maganin barci. Yana saukar da bugun jini ya dagula numfashi a sama, kuma in ma'aikata suka ga tana layi za su ƙi karɓa.

A cire abin wuya. A liƙa sunanka da lambobin waya na nan da na can a kan akwati, da alamar dabba mai rai da kibiyar da ke nuna sama, da ɗan abinci a leda. A ƙarfafa ƙofa da igiyar roba mai kulle kanta, kada a sa kwaɗo. In a hannu za ka riƙe ta, a wurin bincike za a ce ka fito da ita a wuce da jakar ta na'ura. Sa mata ɗamarar ƙirji tun daga gida, ka roƙi a kai ku ɗaki a rufe ƙofa. Mage in ta firgita ta kuɓuce a filin jirgi, kamo ta sai an sha wuya. In tana ƙasan jirgi, da ka shiga ka gaya wa ma'aikaciya ta sanar da matuƙi akwai dabba a ƙasa.

10. Bayan sauka

A Hitiro duba takardu da karanta cif yakan ɗauki awoyi, kada hankalinka ya tashi. A Turai ka bi ƙofar masu kayan bayyanawa ka nuna ta da kanka. Kada ka buɗe akwati sai kun shiga gida an rufe ƙofa da taga. Ka sa ta a ɗaki ɗaya da ruwa da yashi da akwatinta a buɗe, zanen nan yana ciki, kada a wanke shi tukuna. Tana iya ɓuya kwana biyu, a ƙyale ta, amma in ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba a kai ta asibiti. Dabbar da ta tashi a zafin Jigawa sanyin can yana dukanta, a sa shimfiɗarta kusa da abin ɗumama ɗaki. Cikin makon farko ka yi mata rajista a asibitin dabbobi na unguwa, a shigar da lambar cif da sabon adireshinka a rumbun bayanansu, kuma mage kada ta leƙa waje sai ta yi aƙalla wata guda a cikin gidan.